Ɗiyata na son karatun injiniyan lantarki, dangi sun ce sai dai nas

Manomin Fadama, Argungu

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta hana ni barci kwanakin nan, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karatu, musamman matan da suka bi ta hanyar kimiyya.

Ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, ina kuma ɗan taɓa saye da sayar da shanshera. Karatuna bai wuce sakandare ba. 'Ya'yana shida, ta biyun mace ce, shekararta 17, tana aji shida, bana za ta zana JAMB. Tun tana aji huɗu take cewa injiniyan lantarki za ta zama. Da farko na ɗauka ƙuruciya ce, sai bara na ga abin da ya sa na daina yi wa maganar kallon wasa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin ban ruwa ya koma cin mu da rai. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta wuce nan nesa ba kusa ba. Bara na sayar da bijimai biyu na sayo famfon sola da faranti shida. Mai haɗawa ya zo ya kafa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ruwa na zuwa, amma kamar ana tsiyayawa daga buta. Na kira shi, ya ce haka sola take, in yi haƙuri.

Wata Asabar yarinyar nan ta kawo mana abinci gona. Ta ajiye kwano ta tsaya tana kallon farantan. Can ta ce, "Baba, dubi inuwar darbejiyar nan." Reshe ɗaya ne ya sauko da inuwarsa kan faranti ɗaya tak. Na ce ai sauran biyar suna cikin rana. Ta ce a jere aka haɗa su, wutar wannan ta cikin wancan take bi, kamar tiyon ban ruwa ne, in ka taka shi wuri ɗaya duka ka taka. Sannan ta bi wayar da ta taso daga farantan zuwa bakin rijiya, ta ce in taɓa robar jikinta. Na ji ɗumi. Ta ce wayar ta yi siriri ga wannan nisan, wutar tana zama zafi a hanya kafin ta isa. Muka sare reshen, na sayo waya mai kauri, ta kuma ɗora wa ƙannenta aikin goge ƙurar hazo da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya. Tun daga ranar, hantsi bai gama dubawa ba ruwa ya cika kwami.

To, da maganar cike fom ta taso, yayana, wanda shi ne babbanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya tara mu. Ya ce, "Mi ɗiya mace za ta yi da wayar wuta? Turken lantarki za ta hau da hijabi? Ta tahi ta yi nas ko unguwar zoma, shi ne karatun mata." Gwaggonta ta ce shekara biyar a jami'a, wa zai zauna jiran ta? Mahaifiyarta tana bayanta, amma ba ta iya ɗaga murya gaban yayana.

Abin da ke ci mini rai shi ne, lokacin da wanta ya ce shi ma injiniya yake so, ba wanda ya kira taro. Addu'a aka yi masa, alhali sau biyu yana maimaita jarrabawar lissafi. Ita kuwa tun aji ɗaya ba ta taɓa faɗuwa lissafi ba.

Ni ma ina da nawa tsoron, ba zan ɓoye ba. Duk uban da ya ji yadda aka sace ɗalibai daga makarantun kwana a Jangebe da Birnin Yawuri a 2021, hankalinsa ba ya kwanciya in ɗiyarsa ta kwana a makaranta. Ina kuma tunanin zamanta ita kaɗai cikin maza, da ko za ta samu aiki in ta gama. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya: mace 'yar nan yankin za ta iya wannan karatu ta ci moriyarsa, ko in lallashe ta ta bi maganar manya?

Unguwar zoma, Bagudo

Wa alaikumus salam, Malam. Shekarata 22 ina karɓar haihuwa, don haka ba ni ce zan raina aikin jinya ba. Yayanka yana da gaskiya ta wani gefen. Muna da ƙarancin mata a asibitocin karkara, akwai matar da za ta gwammace ta haihu a gida cikin haɗari da a ce namiji ya duba ta. Kuma wadda ta gama makarantar jinya ta fi saurin samun abin yi, ko na gwamnati bai samu ba.

Amma na horar da yara da yawa, na san bambancin wadda ta zo da kanta da wadda aka turo. Aikin nan na jini ne da amai da kwanan tsaye. Wadda zuciyarta ba ta nan, ita ce za ka ga tana yi wa mai naƙuda tsawa, ita ba ta ji daɗi ba, mara lafiya ba ta ji daɗi ba.

Bari in ba ka labarin wani dare. A wani ƙaramin asibiti da na yi aiki, an kafa mana sola, muka ji daɗinta wata takwas, sai ta mutu. Wata uku muna jiran mai gyara. Cikin wannan lokacin aka kawo wata yarinya haihuwar fari, ƙarfe biyu na dare. Ta haihu lafiya, sai jini ya ɓalle. Ƙanwar mijinta ce ta riƙe mini fitilar waya, hannunta na rawa, hasken na yawo, ni kuma ina neman jijiya. Allurar da muke yi don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, a firji ake ajiye ta, tsakanin maki 2 zuwa 8 na sanyi, haka ma yawancin alluran rigakafin yara. Firjinmu ya yi wata uku ba wuta. Na yi mata allurar ban san ko da sauran ƙarfinta ba. Allah ya yi da sauran kwananta, amma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Da mai gyaran ya zo daga baya, bai yi awa ɗaya ba ya gama. Kuma sai da muka fitar da mata daga ɗakin haihuwa kafin ya shiga, don a can batiran suke.

Ni dai a daren nan da za a ce in zaɓa tsakanin ƙarin nas ɗaya da yarinyar da ta san ciwon solar nan, yarinyar zan ɗauka. Ka gaya wa yayanka haka, ka ce unguwar zoma ce ta faɗa.

Abu Mai Shago, Jega

Malam manomi, ni zan faɗi abin da ba a son ji. Ƙanena ya karanta injiniya, yau shekara huɗu da gama bautar ƙasa, cajin waya yake yi a gefen shagona. Namiji ke nan, wanda zai iya ɗaukar jaka ya tafi Legas ko Fatakwal neman aiki. Mace fa? Kamfani nawa muke da su a Kebbi da za su ɗauke ta?

Kuma shekara biyar ɗin nan a takarda ce. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ka haɗa da jiran gurbi da bautar ƙasa, sai ta kai 24 ko 25. Ba na cewa aure shi ne komai, amma kai ma ka san garinmu da bakin mutane.

Ban ce ba ta da ƙwaƙwalwa ba, labarin farantan nan ya burge ni ƙwarai. Amma mai wannan kan ai za ta iya karatun haɗa magunguna ko gwajin jini, duk kimiyya ne, kuma ko an yi aure tana iya buɗe nata wurin a cikin gari. Yayanka ya riga ka ganin duniya, kar ka yar da maganarsa don daɗin abu ɗaya da ka gani a gona.

'Yar Anka, Gusau

Baba, sannu da ƙoƙari. Wallahi tambayar da ka yi kaɗai ta sa na ji ƙwalla, don nawa mahaifin ma haka ya sha fama a kaina. Kemistiri na karanta, yanzu ina aiki a ɗakin gwajin ruwan sha, ina da aure da yara biyu.

Abin da ya kai ni kimiyya ba daɗi ba ne. A 2010 ina aji huɗu na sakandare lokacin da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma abin ya kai can. Yaro zai fara amai, ya sanƙare, ya tafi. Aka ce iska, aka ce sanƙarau, aka ce zazzaɓi. Ɗan 'yar gwaggona yana cikinsu, bai cika shekara uku ba. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura, aka auna jini da ƙasa, sannan aka gane gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu. Ƙaramar na'urar da ake auna jinin iyakarta 65, jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa, aka kuma ba yaran maganin da ke kamo dalmar ya fitar da ita ta fitsari.

Abin da ya tsaya mini shi ne, a cikin gida gubar take, a hannun mata, a turmi da tsakar gida inda baƙo namiji ba ya shiga kai tsaye. Da a ce a kowane ƙauye akwai mace ɗaya da ta san mece ce dalma, da ba a kai haka ba. Ranar na ce sai na san abin da ke cikin ƙasa da ruwa.

Yanzu maganar zama cikin maza, ba zan yi maka ƙarya ba, akwai wuya, amma ba irin wadda ake zato ba. Ni ba wanda ya taɓa zagina. Abin a hankali yake zuwa. A shekarar farko an raba mu rukuni-rukuni a ɗakin gwaji, mu biyar, ni kaɗai ce mace. Ana gwajin da ake ɗiga wani ruwa cikin wani, ɗigo-ɗigo, daga dogon bututun gilashi mai ɗan famfo, har launi ya juya. Duk ranar gwaji sai su ce, "Ke rubutunki ya fi kyau, riƙe mana littafi." Ni kuma ina jin kunya, sai in riƙe. Zango guda ya ƙare hannuna bai taɓa famfon nan ba. Ranar jarrabawa aka ba kowa nasa shi kaɗai. Ana so ka tsaya daidai lokacin da ruwan ya yi launin hoda mai haske. Hannuna bai saba ba, na sake shi da yawa, ruwan ya rine. Na sake, ya sake rinewa. Na fito ina kuka, wani ma yana cewa ai dama mata sai a hankali. Daga zango na biyu na ce kowa ya riƙe littafinsa. Ka gaya wa ɗiyarka wannan tun yanzu: kar ta yarda ta zama magatakardar rukuni, ta sa hannunta a kan waya da mita ko da za a ce ta cika rawar kai.

Da na je neman aiki a wani wuri, mu biyu muka shiga ganawa, ni da wani ɗan ajinmu. Shi an tambaye shi yadda ake gano ƙarfe a ruwa. Ni aka tambaye ni yaushe zan yi aure, kuma in miji ya hana fa. Ba a nan kaɗai ake haka ba. A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya sak, sai dai wasu an sa mata suna John, wasu Jennifer. Malaman suka fi ganin ƙwarewar John, suka yanka masa albashin kusan dala 30,000 a shekara, ita kuma kusan 26,500. Har malamai mata haka suka yi. Da na karanta wannan sai na daina zargin kaina.

Ga Alhaji Abu, maganarka ta rashin aiki gaskiya ce, amma ta shafi kowane kwas. Kuma lantarkin yau ba sai an jira kamfani ba. Dubi yawan famfunan sola a fadamun Argungu da Suru, da gidaje da asibitoci da masallatai. Wa ke lissafa musu yawan faranti da kaurin waya? Wanda ya kafa wa Baba nasa bai iya ba, 'yar aji biyar ce ta gyara masa. Akwai kuma gidajen da maigida zai fi sakin jiki a ce mace ce za ta shiga ta duba inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama ta amfanin gida. Injiniya ba shi ne mai hawa turke ba, aikinsa awo ne da lissafi da zane da sa ido. Ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, tun kafa ta a 1958, sai a Janairun 2024 mace ta shugabance ta, Margaret Oguntala. An daɗe, amma an kai. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau ma, wata 'yar ƙasar Sin ce, Tu Youyou, ta jagoranci fitar da sinadarinsa daga wani ganye dangin tazargade, har ta gwada shi a jikinta, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Ba sai ta yi nisa ba, Baba. Akwai sashen injiniya a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, akwai kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, a jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma akwai cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Ka je da ƙafarka ka ga ɗakin kwanan mata, ka nemi 'yan matan da ke aji uku ko huɗu a sashen su zauna da ita. Ka saya mata mitar awon wuta tata ta kanta. Maganar aure kuwa, ni ina aji uku aka ɗaura nawa. Mahaifina a gaban waliyyai ya ce sharaɗinsa ɗaya, za ta gama karatu kuma za ta yi aiki da shi. Da ciki wata bakwai na rubuta jarrabawar ƙarshe.

Malamin Islamiyya, Gwandu

Allah ya saka wa masu bayani da alheri. Ni abu ɗaya zan ƙara, saboda na san a irin wannan taron dangi akan jingina magana da addini ko da ba a ambace shi ba.

Mu mutanen wannan ƙasa ba mu da uzurin cewa ilmin mace baƙon abu ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa jaji, wato jagorar mata, ta ɗora mata malfa da jan rawani, jajin ta riƙa zagaya ƙauyuka tana karantar da mata, tana kuma jagorantar su zuwa wurin Nana. Tafiya suke yi ta kwanaki, bisa tsari da kamun kai. Ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani da cututtuka.

Malamai sun sanya sana'o'in da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su cikin farilla ta kifaya, wadda in wasu suka ɗauke ta sauran sun huta, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ban san wani dalili da ya ce jinya halal ce ga mace, awon wuta kuma haram ba. Abin da shari'a ke dubawa shi ne sutura da tsare mutunci da amincin wuri, kuma waɗannan ana buƙatar su a asibiti kamar yadda ake buƙatar su a ko'ina.

Sai dai, Malam, kar ka je wa yayanka da sigar ka kayar da shi. Babba ne, kuma tsoro ne ke magana a bakinsa, ba ƙiyayya ba. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka roƙe shi ya zama shi ne mai kai ta.

Manomin Fadama, Argungu

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sa yarinyar ta karanta wa mahaifiyarta duk abin da kuka rubuta. Da ta zo wurin littafin rukuni sai ta yi shiru, ta ce ko a darasin da suke zuwa na ƙarshen mako, inda ake haɗa su da maza, ita ce mai rubutu. Ban taɓa sani ba.

Alhaji Abu, maganarka ma na ɗauke ta, ban yar ba. Na tambaye ta ko za ta yi haɗa magunguna, ta ce in na umarce ta za ta yi, amma ba can ranta yake ba. Ni kuma ba na son in umarta.

Na bi shawarar Malam. Jiya bayan isha'i na sami yayana a zaure shi kaɗai. Ban yi masa gardama ba, labarin unguwar zoma na ba shi, na daren da firji ba wuta. Ya daɗe bai ce komai ba, don matarsa ta fari a wurin haihuwa ta rasu. Bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi shi ba ya yanke hukunci a kan wurin da bai gani ba, sai ya je ya ga inda za ta kwana da wanda ke gadin ƙofar. Mun sa ranar Litinin, ni da shi da ita da mahaifiyarta, za mu bi ta Birnin Kebbi mu tsaya kwalejin Waziri Umaru, sannan mu wuce Jega zuwa Aliero.

'Yar Anka, ɗiyata, mitar da kika ce in saya mata, na leƙa wani shago na ga iri biyu, mai allura da mai nuna lamba. Wacce zan ɗauko?